Shekara Huɗu Ba a Yashe Rijiyarmu Ba

Sana'ata yasar rijiya. Ita na gada, ita kaɗai na iya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Daga ƙauyukan Sandamu har na Dutsi, da wuya a sami tsohuwar rijiyar da tafin ƙafata bai taɓa ƙasanta ba. Na fito da guga, na fito da akuya, sau biyu na fito da mutum. Wannan ba na son maganarsa.

Garinmu ƙarami ne, a cikin jigawa yake. Rijiya ɗaya muka tashi muka tarar, zurfinta gaba ashirin da biyu. Kakanni suka haƙa ta, daga baya hukuma ta ɗaure ta da siminti. Ruwanta yana da ɗan nauyi a baki, baƙo yakan yamutsa fuska, amma a sanina ba ta taɓa ƙafewa ba. Ko shekarar da shanu suka yi ta faɗuwa, ta riƙe mu.

Rijiyar jigawa abu biyu take so: a ja ta, a yashe ta. In ana jan ruwa kullum, idonta yana nan a buɗe. In aka bar ta, yashi ya taru, laka ta hau kansa ta danne, ruwan ya nemi wata hanya a ƙarƙashin ƙasa. In ya tafi kuwa, ba lalle ya dawo ba. Don haka kowace bazara, kafin ruwan sama ya sauka, mai gari yakan sa a yi shela cewa gobe yasa. Maza su fito, mata su dama fura. Fulanin da ke shayar da shanu a kwaminmu su kawo bijimai biyu masu jan babban guga. A kwashe ruwa tun da sassafe har ƙasa ta bayyana, sannan a ɗaura mini igiya in sauka, in yi ta cika guga da laka ana ja. Ƙanina ne ke riƙe igiyata. A sana'armu ba kowa ake ba igiya ba, sai wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya. Ba wanda ke biyana ranar. Bayan girbi kowane gida ya aiko da abin da ya samu. Haka muka yi shekara da shekaru.

Sai soja suka koma bariki, aka dawo zaɓe, aka ƙaddamar da shari'a. Gari ya cika da magana. Ɗan maƙwabcina ya zama kansila. Mai kunya ne, har yau ba na ce masa mugu ba. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka haƙa mana burtsatse: rami siriri, inji a ɗaki, tanki a sama kan ƙarafa, famfo shida a jere. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Tafin hannun matata ya yi kanta kamar na maƙeri saboda jan igiya. Ranar farko da ta murɗa famfo ruwa ya zubo, tsayawa ta yi tana kallo har tulun ya cika ya tumbatsa.

Ranar buɗewa ciyaman ya zo da motoci. Ya ce daga yau mun rabu da guga. Aka yi tafi. Mai gari sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Baban kwaɗi, an yi maka ritaya."

"Su ma kwaɗin sun huta da ganina," na ce.

Inji yana shan gas. Wannan ba a faɗa ba ranar buɗewa. Wata biyu ko uku ana aiko da shi daga sakatariya, sai aka daina. Kansila ya tara mutane a ƙofar mai gari, ya ce gwamnati ta yi nata, saura namu. Za a kafa kwamiti. Kowace jarka naira biyar, a sayi gas, a ajiye ragowa don ranar gyara. Shanu kuma kuɗin kai, kowace saniya da nata. Aka ba ƙanina tsaron famfo, don an san ba ya cin abin mutane, kuma yana jam'iyyar kansila.

Ardon Fulani yana wurin. Da aka watse, ya tare ni a hanya.

"Kaɗo, na ji daidai? Ƙidaya za su yi?"

"Haka suka ce."

"Mai karɓar jangali bai iya ƙidaya shanun ubana ba. Ɗan wancan gidan ne zai ƙidaya nawa?"

"To ka faɗa masa."

"Don me? Ga rijiya."

Suka ci gaba da shayarwa a tsohuwar rijiya. Ba su san alherin da suka yi mana ba. Shekarar farko su ne suka riƙe idonta a buɗe, su da tsofaffin mata biyu ko uku da ba su da naira biyar.

Naira biyar ɗin nan ita ta raba garin. A lokacin kullum rediyo na kawo 'yan siyasa suna jayayya kan ruwa. Wannan ya ce za a jawo bututu daga dam ya ratsa duk ƙasar Daura, kowane gida ya biya kaɗan a wata. Wancan ya ce talaka ba shi da abin biya, ruwa haƙƙinsa ne. A saurare su a teburin mai shayi, in sun gama a kashe rediyo a ɗora daga inda suka tsaya. Mutanen da ba su taɓa ganin dam ba suna rantsuwa kan faɗin bututu.

Aka kai maganar masallaci. Lokacin komai sai an tambaya, shari'a ta yarda? Wani matashin malami da ya dawo daga karatu ya ce sayar da ruwa haramun ne. Limaminmu tsoho ne, ba ya son hayaniya. Ya ce ruwan da ke ƙasa na kowa ne, wannan gaskiya ne, amma wanda aka wahala aka ɗora a tanki, babu laifi a karɓi abin wahalar. Kowa ya ɗauki wanda ya yi masa. Mutanen kansila suka ce liman ya gama magana. 'Yan adawa suka ce liman ya tsufa.

Jagoran adawa a garinmu wani dillalin awaki ne, mai baki, yana neman kujerar kansila. Ranar da ya tara jama'arsa, ya ƙi tsayawa ko'ina sai bakin tsohuwar rijiya. Ya hau kan kwami, ya sa aka jawo guga, ya kafa kai ya sha a gaban kowa. Ya ce ga ruwan Allah, ba a taɓa karɓar ko kwabo a kansa ba sai yanzu da aka ce ana shari'a. Ya ce in ya ci, famfo kyauta. Shi kansa a famfo gidansa ke ɗiba, kowa ya sani. Amma daga ranar rijiya ta zama ta adawa. In aka ga matarka da guga, an san inda ƙuri'arka take. In aka gan ta a layin famfo, nan ma an sani.

Bazara ta zo. Na jira shela, ban ji ba. Na sami mai gari a zaurensa. In muna mu biyu ba na ce masa ranka ya daɗe.

"Yaushe yasa?"

"Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Kai dai ba ka sauyawa. To ji. In na sa aka yi shela, gobe kansila zai ji cewa na ce burtsatsensa ba zai daɗe ba. Jibi ciyaman ya ji. Gata hakimi ya kira ni. Rawanin nan ba da ƙusa aka kafa mini shi ba."

"Rijiya ba ta san kansila ba."

"Ni na san shi. Bari zaɓe ya wuce. Shekara ɗaya me za ta yi mata?"

Shekara ɗaya ba ta yi mata komai, gaskiyarsa. Na tashi.

Na ce tunda an ce ta adawa ce, bari in je wurin masu ita. Na sami dillalin ranar kasuwa yana duba haƙoran wata akuya.

"Ka ba ni mutum ashirin, wuni ɗaya."

"Na me, Baba?"

"Yasa."

Ya saki akuyar ya yi dariya. "Mu da muka yi wa mutane alkawarin famfo kyauta, a gan mu muna kwasar laka? Ai sai a ce mun san ba za mu iya ba, shi ya sa muke gyara musu guga."

"Ka sha ruwanta a gaban mutane."

"Wannan kamfe ne, Baba."

Ardo ya ce ga bijimai, ga 'ya'yansa huɗu, a yi. Amma rijiyar gari ba a shigarta sai da izinin mai gari. Ƙanina kuma ya ce shi ba zai riƙe igiya ba, kada a ce ɗan kwamiti yana yi wa kwamiti zagon ƙasa. Na faɗa masa abin da na faɗa, ba zan maimaita ba. Daga ranar kowa ya koma cin tuwonsa a ɗakinsa.

Shekara ta biyu zaɓe bai zo ba, an ce an ɗage. Mai gari ya sake cewa a jira. Ruwan ya fara gurɓacewa. Da safe a sami mai kyau, kafin azahar guga ya fito rabinsa laka. Shanu su shinshina su ɗaga kai. Wata rana Ardo ya zo ƙofar gidana da sandarsa a kafaɗa.

"Za mu yi wajen Zango."

"Har yaushe?"

"Har ku gama ƙidaya."

Ba su dawo ba. Bayansu ba mai ja sai tsofaffin matan nan. Ɗaya ta rasu, sauran jikoki suka ɗauke musu kuɗin famfo. Iska ta yi ta zuba leda da kara a ciki. Wata tunkiya ta faɗa, ba wanda ya sani sai da wari ya tashi. Na fito da ita da ƙugiya. Mai gari ya sa aka rufe bakin da kwanon rufi, aka ɗora duwatsu.

Na yi ƙoƙarin da zan iya. Kowace safiya in je in ɗaga kwanon, in ja guga goma ko sha biyar, in zuba a kwami jakuna su sha. Mutanen kansila suka ce na koma adawa. 'Yan adawa suka ce kuɗin famfo ne ba ni da shi. Masu babur in sun wuce sai su danna ham su ce, "Baba, a gaida kwaɗi." Matata ta ce, "Malam, ana fa cewa ka taɓu." Wannan bai dame ni ba. Bayana ne ya dame ni. Rijiyar da gari guda da garke uku ke ja, guga goman mutum ɗaya ba komai ba ne, ni ma na sani. A shekara ta uku na daina. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Zaɓe ya zo, dillali ya ci. Aka yi kiɗa, aka fasa kwaɗon da ke kulle ɗakin inji, aka sallami ƙanina. Famfo kyauta. Masu babur suka riƙa wanki a wurin. Masu yin bulo suka kafa sansani. Mutanen ƙauyukan kusa suka riƙa zuwa da amalanke cike da jarkoki. Inji na ruri tun safe har yamma. In faɗi gaskiya, dillalin ya cika maganarsa iya ƙarfinsa. Da kuɗin awakinsa ya yi ta sayen gas, watanni, har na ga ya rame. Daga baya ya koma kwana uku a mako, daga nan kwana biyu. Ragowar da tsohon kwamiti ya ajiye don gyara, kowa da abin da yake faɗa a kai. Ni ban gani ba.

A tsakiyar bazara ta huɗu, injin da ke can cikin ramin burtsatse ya ƙone. Mai gyara ya zo daga Daura a kan babur, ya duba, ya faɗi kuɗi, ya sha fura, ya koma. Mutanen tsohon kansila suka ce waɗanda suka ce kyauta su gyara kyauta. Mutanen sabo suka ce tun farko ruɓaɓɓen inji aka sayo. Aka rubuta takarda zuwa sakatariya. Mata suka koma tafiya ƙauyen da ke gabas da mu, su fita bayan asuba su dawo rana ta take. Can ma layi ne, kuma baƙo shi ne ƙarshe.

Rana ta tara da ƙonewar injin, mai gari ya zo gidana da ƙafarsa. Bai aiko ba.

"Gobe za a yi shela."

"Shekara huɗu."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba sai na sauka."

"Za ka sauka dai?"

"Akwai wani?"

Babu wani. Tun da famfo ya zo ba wanda ya kawo mini ɗansa ya koya. Matata ta ji mu daga ɗaki. Da ya tafi ta fito.

"Malam, gwiwar nan da ba ta kai ka ruku'u sai da dabara, ita za ta kai ka gaba ashirin?"

"Igiya ce ke kaiwa, ba gwiwa ba."

"Wa zai riƙe?"



Washegari duk garin ya fito. Mutanen tsohon kansila suka tsaya gabas da rijiya, na sabo suka tsaya yamma, kamar an ja musu layi. Ba bijimai, sai maza su ja. Ina kwance igiya sai ga ƙanina. Bai gaishe ni ba. Ya karɓi bakin igiyar ya bi ta da hannu gaba-gaba yana duba inda ta ci, kamar yadda ya saba. A al'adarmu mai sauka ba ya sauka da fushin kowa.

Na ce, "Ka yafe ni."

Ya ce, "Na yafe, Yaya. Ni ma ka yafe ni."

Shi ke nan. Ba mu ƙara ba.

Aka ɗaga kwanon rufi. Warin da ya taso ya sa na gaba suka ja baya. Na kunna fitilar aci-balbal na ɗaura a siririyar igiya na zura. Rijiyar da aka daɗe da rufewa iskarta kan mutu, mutum ya sauka ya kwanta ba ko ihu. Fitila ta kai gaba goma sha biyar ta mutu. Na sa aka saro rassan darbejiya masu ganye, aka ɗaure, aka yi ta zurawa ana ja, ana zurawa ana ja, don iska ta motsa. Mutane suka ƙosa. Wani daga yamma ya ce tsohon nan tsoro yake ji. Na miƙa masa igiya. Bai karɓa ba. Sai bayan azahar fitila ta kai ƙasa da wutarta.

Ba a kwashe ruwa ba, don babu na kwashewa. Abin da ke ƙasa baƙin taɓo ne, ya kai mini gwiwa. Leda, kara, takalma, gwangwani, ƙashin abin da ban tsaya dubawa ba. Ranar farko shara kawai na fitar. Daga ƙasa, in ka ɗaga kai, bakin rijiya kamar faifai yake, kawuna sun kewaye shi. Magana tana saukowa a kumbure. Ina jin su suna jayayya a sama, wa ya fara, wa ya ce biyar, wa ya ce kyauta. Sau biyu guga ya daɗe bai sauko ba, don masu ja sun saki aiki sun shiga musu. Sai na ji muryar ƙanina, shi da ba ya ɗaga murya, yana cewa akwai mutum a ƙasa.

Rana ta biyu na sami laka. Ta daskare kamar daɓe, sai da dagi. Na fasa ta, na shiga yashi. A da, in na kai nan, sai in ji sanyi yana taso mini ta tsakanin yatsun ƙafa, ruwa ya fara tsattsafowa daga gefen arewa, inda idon yake. Na san wurin kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Na durƙusa na tona da hannu har gwiwar hannu. Yashin yana da sanyi amma ba danshi. Na damƙa, na buɗe hannu, ya watse.

Da na fito, dillali ya taho da gudu-gudu.

"Baba, yaya? An kusa?"

"Ban sani ba."

"Ka ce musu an kusa mana. Mutane sun gaji."

"Ni ma."

Rana ta uku na wuce inda siminti ya ƙare. Nan ne haɗari. A jigawa, ƙasan siminti yashi ne tsagwaro, in babu ruwan da ya riƙe shi, zubowa yake. Ubana ya hana ni wuce wurin fiye da kamu biyu. Na wuce kamu huɗu. Ina cika guga, gefe yana zubo da wani. In cire ɗaya, rabi ya dawo. Wajen la'asar na ji wani sauti kamar ana zazzage buhun gero. Kafin in miƙe, yashi ya rufe ni har cinya. Na kama igiya na girgiza sau uku, alamar a ja ni. Aka ja, ban motsa ba. Igiyar ta shiga haƙarƙarina. Na yi ta tona gefen ƙafafuna da hannu, suna ja, ina tonawa, har ƙafa ɗaya ta fito, sannan ɗayar. Dagina yana can har yau.

Suka kwantar da ni a gindin darbejiya. Ƙanina ya zauna gefe, tafin hannunsa duk ya saɓule. Mai gari ya tsuguna kusa da kaina.

"Ka huta. Gobe a sake."

"Ba gobe."

"Jibi to."

"Ruwan ya tafi. Ta mutu."

Ya kalli jama'a, ya rage murya. "Kada ka faɗa da ƙarfi."

Na faɗa da ƙarfi. Daga gabas wani ya ce ga abin da kyauta ta jawo. Daga yamma aka ce naira biyar ce ta kori Fulani. Tsohon kansila, ɗan maƙwabcina, ya matso ya ce, "Baba, kai ka sani. Faɗa musu wa ya kashe ta." Na ce ya ba ni hanya zan je gida.

Na yi kwana goma sha ɗaya a kwance. A cikin kwanakin aka kawo wasu masu haƙa daga wajen Dutsi, matasa, masu ƙarfi. Ɗaya ya sauka, bai yi rabin sa'a ba ya ce a ja shi. Ya tambaya wa ya tona ƙasan siminti, aka ce wani tsoho. Ya ce tsohon yana da sauran kwana. Suka karɓi kuɗin mota suka tafi. Aka shimfiɗa itatuwa a bakin, aka zuba ƙasa, aka dasa ƙaya don dabbobi.

Ruwan sama ya yi jinkiri a shekarar. Masu amalanke daga ƙauyen gabas suka fara kawo ruwa har ƙofar gida. Jarka naira ashirin, wata rana talatin. Ba wanda ya kai maganar masallaci. Matashin malamin nan ma na ga jarkoki biyu a ƙofarsa. A rediyo ana nan ana maganar bututun da zai taso daga dam. Gida huɗu suka kwashe suka koma Daura wurin 'yan'uwa, cikinsu har da ƙanina. Da zai tafi ya zo muka ci tuwo.

An gyara burtsatse bayan kusan shekara, lokacin wani zaɓen ya matso. Ya yi aiki, ya sake tsayawa, aka sake gyarawa. Yanzu haka muke. In yana aiki, a sha. In ya tsaya, babu inda za a juya sai amalanke.

A makonnin nan da ruwan sama ya ƙi sauka, wata Juma'a liman ya tashi bayan salla. Ya ce wanda ruwan gidansa bai wuce na sha da girki ba, kada ya takura wa iyalinsa, ya yi taimama, Allah ya sauwaƙa. Na dawo gida. Lokacin la'asar na ɗauki buta, na ji ta wayam. Matata tana tankaɗe, jarka ɗaya ce a gefenta, ta wuce rabi da kaɗan.

"In zuba maka, Malam?"

"Za ta kai gobe?"

"In ban wanke tukunya ba."

Na ajiye butar. Na fita bayan ɗaki inda yashi yake da tsabta, na buga tafin hannuna biyu a ƙasa, na shafa fuska.